Ni Na Jawo Aka Kira Ɗiyata Maƙaryaciya A Kan Daddawar Batso

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai matan unguwarmu a nan ciki. Shawara na zo nema, don Allah ku taimaka ku ba ni, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba, a hankali nake haɗa shi.

Ni 'yar wani ƙauye ce ta wajen Rawayau a ƙasar Kurfi, aure ya kawo ni Dutsin-Ma. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, lokacin da Innarmu ta yi doguwar jinya, ni ce babba, daga nan ban koma ba. Tun da na haifi ɗiyata ta fari, zan kira ta Nana a nan duk da ba sunanta ba ne, akwai tsoron da nake ɗauke da shi, wato ranar da za ta kawo min littafi ta ce Mama mene ne wannan, in rasa abin cewa. Ina ganin yadda yaran wata maƙwabciyarmu ke yi wa uwarsu, in ta sa baki a maganar makaranta sai su kalli juna su ce “Umma ke ba za ki gane ba.” Ita ma takan taya su dariya, amma na lura nan take take tashi ta ce bari ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba. Na sha roƙon Allah kada ya nuna min wannan ranar.

To bana Nana ta shiga aji huɗu, daidai inda na tsaya. Aikin gidan da ake ba su ya fara fin ƙarfina, babanta kuma direba ne, ba ya zama. Ana nan sai ƙanwarsa da ke karatu a jami'a ta zo mana hutu, ta nuna min wannan abin na waya da ake kira AI, wanda za ki rubuta masa tambaya ko ki ɗauki hoton takarda ki tura masa ya ba ki amsa kamar mutum, har da Hausa, duk da Hausar tasa wani lokacin kamar ta baƙo. Wallahi ji na yi kamar an sauke min dutse daga ka. Daga nan in Nana ta kawo aiki sai in ce ajiye nan, je ki sayo min magi ko ki kai wa maƙwabta rariyarsu, kafin ta dawo na ɗauki hoto na karanta na haddace, in ta zauna sai in yi mata bayani kamar daga kaina yake fitowa. Ban taɓa gaya mata ba. Har ta fara yi wa ƙawayenta alfahari, na ji ta da kunnena a zaure tana cewa “Mamata fa ba ta gama makaranta ba amma ba abin da ba ta sani ba.” Allah ya yafe min, daɗi na ji.

A wannan zangon makarantarsu ta fito da wani tsari na koya wa yara yadda ake mu'amala da AI ɗin, kuma ba darasi guda aka ware masa ba, kowane malami a nasa fannin yake saka shi. Malamin lissafi zai rubuta a allo yadda abin ya warware lissafi ya ce su nemo inda ya kauce. Na turanci su kwatanta rubutunsa da nasu. Malamin addini ya ja musu kunne kada su karɓi aya ko hadisi daga wurinsa sai sun tabbatar wajen malami. Nana ta dawo gida tana ta maimaita dokar da aka koya musu kamar karatun allo, wai tambayarsa ba laifi ba ne, amma ka bincika abin da ya ce, kuma ka faɗa cewa shi ka tambaya, wanda ya ɓoye daidai yake da mai satar amsa. Ina tankaɗe a lokacin, na ce mata gaskiya ne malamanku sun kyauta, na ci gaba da tankaɗena.

Makon jiya ta dawo ta ce Malamar Hausa ta ce kowa ya tambayi mahaifiyarsa ko kakarsa yadda ake daddawar batso ya rubuto. Jama'a, batso fa! Ni da na tashi a cikin warinsa. Innarmu har gobe tana yi ana kai mata kasuwar Kurfi, hannuna ya san zafin tukunyarsa, in na rufe ido zan iya gaya muku lokacin da ya tashi daga shinshinawa kawai. Amma sai zuciyata ta ce min ai makaranta ba irin bayaninmu na ƙauye take so ba, in na ce a tarfa ruwan toka, a rufe da tsohon buhu a tura lungun ɗaki, malama za ta karanta a gaban aji a yi wa yarinya dariyar ƙauyanci. Na ɗauka akwai yadda 'yan boko ke faɗarsa. Sai na aike ta, na shiga ɗaki na tambayi waya.

Nan ne inda ba ni da wata hujja. Abin ya rubuto min cewa da kalwa ake yi, a zuba yis don ya tashi, a ƙarshe a adana a firiji. Ina karantawa na san ba haka ba ne. Batso da gurguzu ake yi, 'ya'yan yakuwa, kalwa ta ɗaya daddawar ce, yis kuwa sai dai fanke. Na tsaya da wayar a hannu har ta mutu na sake kunnawa, sai na ce wa raina wace ce ni da zan gyara wa kwamfuta, ƙila haka yake a littafi, ƙila namu ne na gargajiya mara tsari. Haka na fito na zayyana wa ɗiyata, tana rubutawa tana gyaɗa kai, har tana tambayata yis cokali nawa, na ce ɗaya.

Ashe malamar ta riga ta tambayi AI ɗin wannan tambayar ta ajiye amsarsa, nufinta yara su kawo na iyayensu a jera, su gani da idonsu cewa abin na iya yin kuskure a kan abin da kakarsu ta fi shi sani. Kowane yaro ya kawo gurguzu da toka, Nana kaɗai ta kawo kalwa da yis da firiji, kusan layi da layi da na hannun malama. Yadda Nana ta ba ni labari tana kuka, malamar ba ta fara da faɗa ba, ta ce mata in waya ta tambaya ta faɗa kawai ba abin da za a yi mata. Yarinya ta ce Mamarta ce ta gaya mata. Aka sake tambaya, ta rantse da Allah. A nan ran malama ya ɓaci, ta ce kwafar amsa ƙaramin abu ne a kan rantsuwar ƙarya, ta ce ba wata macen ƙasar Katsina da za ta sa yis a batso, ta karɓe mata muƙamin monitar aji da take riƙe da shi ta ba wata. Nana ta ce za ta kawo Mamarta ta faɗa da bakinta, malama ta ce bismilla, ranar Litinin tana jira.

Tun ranar yara suka sa mata suna, in ta wuce su ce “Hajiya mai batson firiji, a ba mu na sanyi!” Yarinyar da ke riga kowa shiri da safe yanzu sai na yi ta fama. Ba ma tsokanar ce ta fi ƙona min rai ba, yadda take kare ni ne. Ta ce min, “Mama rabu da su, su ba su san na zamani ba ne, ke dai ki zo ki ba su kunya.” Na ce to. To kawai na iya cewa.

Da babanta ya dawo daga tafiya na gaya masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yanzu ɗiyar mai batso guda ce ta je tambayar waya, ai ko Inna ta ji sai ta biyo ni da muciya. Da ya ga hawaye nake sai ya dawo hankalinsa, ya ce abin ai mai sauƙi ne, in je in ce ni na gaya mata, kuma ba ƙarya na yi ba tunda ni ɗin na gaya mata, in malama ta matsa in ce a wani gari na ga ana yin haka, a mayar wa yarinya monitarta shi ke nan. Ya ce kada in kuskura in tona kaina a gaban yarinya, uwa in ta zube a idon ɗanta ba ta tashi, kuma shi ba ya son a riƙa nuna gidansa a unguwa. Mun ɗan sami saɓani, na ce masa wannan ai wata ƙaryar ce a kan ta farko, ya ce to in yi yadda na ga dama tunda da na fara ban nemi shawararsa ba.

Jiya kuma abin ya ƙara cakuɗewa. Nana ta ce ta samo dabara, mu kira Inna a waya a gaban malama, tunda ita ce mai sana'ar ba wanda zai musa mata. Na ce mata ƙauye ba sabis. Ta ce to mu gwada yanzu mu gani, na ce cajina ya kusa ƙarewa. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta fita. Yarinyar nan tana da lura, ban san iya abin da ta fara fahimta ba.

Yanzu ga inda nake. In na bi ta babanta, za a wanke Nana a makaranta, amma zan bar ta tana yawo da yis a kanta tana musu da mutane saboda ni, kuma wata rana za mu je gida ta ga Inna da gurguzu a tukunya. In na faɗi gaskiya, ba batso kaɗai ba ne, dole in ce mata duk lissafin nan da turancin nan da take alfahari da su ba nawa ba ne, kuma abin da malamanta suka kira satar amsa uwarta ce ke yi mata a ɗaki tana aiken ta sayen magi. In kuma na ƙi zuwa, na bar mata sunan mai rantsuwar ƙarya a kan abin da ba ta yi ba, wannan kam ba zan iya ba. Har wayar na ɗauka zan tambaya yadda zan yi, sai kunya ta kama ni na ajiye.

Don Allah iyaye mata, da malaman makaranta in akwai a nan, ku faɗa min. In fara zaunar da Nana a gida kafin Litinin, ko in je in sami malamar ni kaɗai tukuna in roƙe ta ta rufa min asiri? In kuma yarinyar zan fara gaya wa, da wace kalma zan buɗe baki? Wadda ta taɓa ba ɗanta haƙuri a kan ƙarya ta gaya min yadda ta yi, da yadda yaron ya koma kallon ta daga baya. Ko zagi ne ku yi, na cancanta, amma ku haɗa min da mafita.