Kaset Ɗin da Ya Ƙi Gudu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti? Takardarki ta same ni a shago. Don Allah ki miƙa wa manajanku jinjinata, mutum ne mai hangen nesa. Kin ce masa kwafe bayanan marasa lafiya zuwa kaset ya fara jan ƙafa, shi kuwa bai tsaya tambayar dalili ba, ya sayo sabuwar na'urar kaset mafi gudu. Aikin wuni guda ya koma na kwana biyu. Irin wannan basira ba a koyar da ita a makaranta.

To, bar wasa. Kin ce faifan ajiyar bayanai na babbar kwamfutarku ya fara kukan ajali, kuma in ya mutu ba ki gama kwafewa ba, ke za a rataya wa laifin. Ki kara kunnenki a jikin na'urar ki gaya mini: gudu take yi sumul, ko tafiya take tana tsayawa?

Naki, Yaya.

Yaya,

Bayan gaisuwa da ladabi. Na saurara. Takan ɗan yi gudu, ta tsaya, ta koma baya, ta sake farawa. Na goge kanta mai karanta kaset, na canja kaset har uku, duk kanwar ja ce. Jiya manaja ya ce a gaban ma'aikata, "Mota dai sabuwa ce, sai a duba direba." Daga baya ya tambaye ni ko ina da wata sana'a. Bayanan shekara goma sha ɗaya ne, Yaya, har da na masu jiran tiyata. Don Allah kada Inna ta ji.

Taka, Auta.

Auta,

Ina gaida ki. Na'urarki ba ciwo take ba, yunwa take ji. Kaset bai iya tafiyar hawainiya ba. In bayanai ba sa iso masa da sauri, sai ya zarce, ya taka birki, ya dawo neman inda ya tsaya. Mai gudu kuma ya fi shan wannan wahala, shi ya sa sabuwar ta fi tsohuwar jan ƙafa.

Shekarata ashirin ina sayar da kayan kwamfuta, kowa injin yake zargi, ba mai durƙusawa ya dubi waya. Ki duba 'yar fitilar da ke bakin kebul a bayan babbar kwamfutar. A irin taku, kore lafiya, ruwan ɗorawa matsala. Sannan ki bi kebul ɗin da hannu har ƙarshensa. Ki kuma tuna, me ya shigo ɗakin nan a satin da abin ya fara?

Inna kuwa ita ta karɓi takardarki a hannun direban da ya kawo ta. Ta ce ki ci abinci.

Yayanki.

Yaya,

Alhamdu lillahi! Ina rubutun nan ina dariya ni kaɗai. Fitilar ruwan ɗorawa ce. Na bi kebul da rarrafe, sai ga shi ya shige ƙarƙashin firjin manaja. Manajan ne ya sa aka kawo shi ɗakin kwamfuta a satin da abin ya fara, wai nan ne ba a ɗauke wuta, ruwansa ba zai ɗumama ba. Ƙafar firjin ta latse kebul ɗin ya yi shafal. Bai tsinke ba, shi ya sa bayanai ke wucewa ɗigo-ɗigo.

Ni da Baba mai shara muka ture shi, na sa sabon kebul, fitila ta yi kore shar. Awa uku aka gama. Na dawo da fayil goma daga kaset don gwaji, duk suka buɗe. Washegari da hantsi faifan ya mutu.

Manaja ya tara mu ya ce ai dama ya faɗa, sabuwar na'ura ba ta ƙarya. Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

A gaida Inna. Taka, Auta.

Auta,

Barka da arziki, mun ji daɗi ƙwarai. Amsar da kika ba manaja ta nuna kin fara iya kasuwa. Abu ɗaya ne ba ki faɗa mini ba: shi firjin, an tambaye shi ko yana da wata sana'a?

Naki, Yaya.