Igiyar Baba

Runjin Sambo, Sakkwato
9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayana Mu'az,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan sana'arka na kasuwar shanu ta Legas. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko har yanzu kana cin abinci a tsaye kamar wanda ake kora.

Tunda ka yi rantsuwa ka daina riƙe waya, ga takarda. Na ba Ladan direban motar shanu, ya ce ya san rumfarku.

Labarin da ya sa na rubuto shi ne Baba ya ɗauko daginsa na haƙar rijiya. Shekara huɗu ke nan ƙarfen nan yana jingine a bayan ɗaki, tun ranar da ka ɗaga waya kana riƙe masa da igiya a Kalambaina, guga cike da ƙasa ya suɓuce ya sauka a kafaɗarsa. Na san ba ka son a tuna, amma ni ce, sai na faɗa. Ya ce maka a gaban mutane ba za ka ƙara riƙe masa igiya ba, kai kuma ka bi motar shanu ko sallama babu. Abin da ba ka sani ba, tun daga ranar bai ƙara shiga rijiyar kowa ba. Kafaɗar ta warke tuni. Masu neman a haƙa musu sun yi ta sintiri har sun gaji.

To shekaranjiya muka tashi muka tarar ya zana da'ira a tsakar gida, kusa da bishiyar dogonyaro, yana haƙa. Inna ta tuna masa ga famfon maƙwabta, bai ko ɗago kai ba.

Ka gaida mutanen wurinku.

Ƙanwarka,
Sadiyatu

Runjin Sambo
2 ga Afrilu

Yaya Mu'az,

Sallama da fatan alheri. Ya jiki, ya zafin can? Namu dai ka san shi, ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Ladan ya ce ka karanta takardata sau biyu ka sa a aljihu. Na gode, amma aljihu ba ya ba da amsa.

Ramin ya kai wa Baba wuya, daga nan ya tsaya. Kai ka fi ni sanin dalili: iya nan mutum ke iya watso ƙasa waje da hannunsa, abin da ya wuce haka sai da mai riƙon igiya a sama. Mustapha maƙwabcinmu ya ce zai riƙe masa, Baba ya yi godiya ya canza zance. Ni ma na ce zan iya, ya dube ni ya yi dariya, ya ce hannuna na tuƙa tuwo ne. Na ji haushi, amma na gane ba ƙarfin hannu yake nema ba.

Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu a bakin ramin, ya warware igiyar nan ya bi ta taku-taku yana duba inda ta lalace, ya sake naɗe ta. Bai taɓa ambaton sunanka ba. Amma da an yi sallama a zaure, shi ke riga kowa juyawa.

Yaya, ina kewarka ƙwarai. Gidan ya yi shiru, ba wanda ke satar mini ƙanzo a tukunya. Na yi ta jin haushin tafiyarka, yanzu haushin ya ƙare, saura son ganinka kawai.

Taka,
Sadiyatu

Runjin Sambo
21 ga Mayu

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Inna lafiya, Baba ma da sauƙi, sai dai gwiwa da ta fara damunsa.

An yi ruwan farko ranar Talata. Gefe ɗaya na ramin ya zabtare, akuyar Inna ta kusa faɗawa. Mustapha ya ce in aka ƙara ruwa biyu irin wannan, dole a cike shi, ko don yaran unguwa. Baba bai yi musu ba. Ya ce a ba shi kwana goma. Ni dai na san in aka cike ramin nan, dagin ya koma bayan ɗaki ke nan har abada.

Jiya da safe ya shafa wa igiyar mai, ya naɗe ta da kyau, ya sa a buhu ya ɗinke bakin da hannunsa. Ya ɗauka da kansa har kara, inda ake lodin shanu, yana ɗingishi, ya damƙa wa Ladan. Da ya dawo na tambaye shi abin da zan rubuta maka a kai. Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce ba sai na rubuta komai ba, za ka gane.

Buhun da Ladan zai ba ka tare da wannan takarda shi ne. Ka san Baba ba shi da wata igiyar.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka mai jiranka,
Sadiyatu Na'Allah