Farfelar da ka manna a hanci

Auta, kai ka karya min ɗan jirgin yaƙin da nake haɗawa, kada ka wahalar da bakinka da rantsuwa.

Da safe na tarar da farfelarsa manne a hanci, gam ɗin ko bushewa bai yi ba. Jirgin nan na tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ne, farfelarsa a baya take. Duk gidan nan kai kaɗai kake min gardama a kan haka.

Wata huɗu ina fiƙe katako! Karyewar na iya zama tsautsayi, amma ɓoyewar ha'inci ne, da gemunka. Ba don ina sauri ba, da na tashe ka.

Na canja kwaɗon ɗakin aikina. Ba ka ƙara shiga.