Sau Biyar Suka Tambaye Ni Wace Ƙafa Ce

Malama, ki taimake ni. Ni tela ne, bokona a aji huɗu ya tsaya, shi ma malamai ne suka gaji, ba ni ba.

Autata 'yar shekara tara za a yi wa aiki a gwiwar hagu. Ran Litinin, daga ɗakin kati zuwa ƙofar tiyata, sau huɗu ana tambayata sunanta da wace ƙafa ce. Har kibiya suka zana mata, kamar yadda nake wa yadi da alli. A ta biyar, babban likita na karanto takarda, tsoro ya kwance mini baki, na ce ta dama ce mana. Wasa nake, amma babu wanda ya yi dariya. Wata nas, ƙaramar cikinsu, ta ɗaga hannu ta ce a dakata, maganar uba ta saɓa da takarda. Likita kuwa ya tsaya cak. Kafin a nemo hoton ƙafar a sake dubawa, lokacinmu ya wuce, aka ɗage zuwa Alhamis. Yarinya ta wuni da yunwa a banza. Mamanta ta ce ran Alhamis wurin mai gadi zan zauna.

Likitan da sai ya duba takarda, ƙaramar nas kuma ta taka masa birki, anya ya san aikinsa? Wana ya ce in kai yarinyar inda ba a yawan tambaya. Autar kuwa ta hana a wanke kibiyar, wai kada su manta.

Baban Auta

Baban Auta, tsoronka na uba ne, babu abin kunya a ciki, kuma ya kamata su bayyana maka dalilin tambayoyin tun farko. Amma kada ka ɗauke ta.

Wannan tsari daga matuƙa jirgin sama aka aro shi. Komai ƙwarewar matuƙi, sai ya bi jerin abubuwan dubawa kafin ya tashi, kuma mataimakinsa na da ikon cewa a dakata, domin gwani ma yana mantuwa. Likitan da ya saurari ƙaramar nas, shi nake so ya taɓa ɗana. Inda ba a tambaya, can ne abin tsoro.

Ka ba mamanta haƙuri, ka gode wa nas ɗin. Ran Alhamis ko sau goma suka tambaya, ka ce hagu sau goma. Barkwancin ka ajiye wa Auta, za ta buƙace shi idan ta farka. Allah ya tashi kafaɗarta, ya mayar maka da ita gida da ƙafarta.