Ƙofar Ƙarshe a Shagon Baba

Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a nema. Mu ma lafiya lau, sai Mama da ke mitar ba ka kiranta sai kana neman addu'a.

Maganar zuciyar Baba ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Sau biyu aka yi masa hoton nan da ake shafa mai a ƙirji a goga na'ura. Na farko ya nuna zuciyar na tura kashi talatin cikin ɗari na jinin cikinta, na biyu ya ce arba'in. Likita ta ce wannan hoton yana da sauƙi, amma ya dogara da hannun mai ɗauka, ita kuwa tabbas take nema, domin in bai kai talatin da biyar ba sai an dasa masa 'yar na'ura a ƙirji. Baba ya ce da haka yake auna ƙofa, da tuni ya bar walda.

Sai ta tura mu injin maganaɗisu, wanda ake shigar da mutum ciki a ɗau hoto, shi ya fi duka daidai. A bakin ɗakin aka tambaye shi ko akwai ƙarfe a jikinsa, ya ce babu ko ɗaya. Ka san shi da kunyar a ce ba ya sa tabarau a wurin aiki. Mama ta ajiye jakarta, ta gaya wa ma'aikacin cewa shekara ashirin ke nan da ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa idon hagu. Aka duba, yana nan. Da ya shiga injin, da idon ya iya tafiya, don maganaɗisun na jan ƙarfe.

Aka koma hanya ta uku, aka yi masa allura a jijiya, kyamara ta bi jinin. Talatin da biyu ta nuna. Za a dasa na'urar ƙarshen wata, kuma likita ta ce daga ranar ba shi ba injin walda, don wutarsa na rikita ta. Na zaci zai yi gardama. Amma muna isowa gida, sai ya zauna a bencin shago yana nannaɗe wayar injin walda. Tausayinsa ya hana ni cin abinci.

Mama da Goggo da Auta suna gaishe ku, a shafa min kan yara. Baba kuma ya ba ni saƙo, ga shi yadda ya faɗa: "Ya aiko min da awon ƙofar gidan da yake ginawa. Ita nake so ta zama ta ƙarshe." Likita ta yarda, in zai riƙa hutawa. Don Allah, Yaya, kar ka ce masa ya bari. Ka auna da kyau, ka aiko kafin sati ya fita.

Ƙanwarka mai kewarka.