Na Tafi Wanka, Gonata Ta Rasa Ruwa

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Kura lafiya lau, sai dai takaici.

Surukina Nasiru, mijin 'yata Hadiza, ya matsa sai ya kai ni wani tsohon gari mai ruwan ɗumi, wai maganin ciwon gwiwata ne. Muka tafi ranar Asabar, ranar da ake sako mana ruwan kanal na noman rani, sau ɗaya a mako. Na bar wa maƙwabcina Ɗanjuma amanar ban ruwa.

Yaya, ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba! Maza da mata a kududdufi ɗaya, kowa daga shi sai ɗan kamfai, wani har yana fyace majina a ciki. Ƙafa ɗaya na tsoma na janye. Aka zagaya da ni kallon rusasshiyar ganuwa, sai ka ce ba daga Kano na zo ba. A gidan abinci kuma aka kawo mini shinkafar waje da miyar tumatirin gwangwani. Ni, mutumin Kura, garin shinkafa da tumatir! Kunyar suruki ce ta sa na haɗiye.

Da na dawo, ashe Ɗanjuma gonarsa ya fara shayarwa, kafin ya waiwayi tawa an rufe ruwa. Tumatir ya yi yaushi, fure sai zuba yake.

Ka taya ni addu'a tumatirin ya kai wata Asabar. Ka gaida Asabe da yara. Gwiwa tana nan yadda take. In ka sake jin na shiga ruwa, to na gonata ne.

Ƙaninka,
Sale