Ƙyallen Inna a kan kwamfuta

Mashkura,

Na kama motar Kano da sassafe. Na ga kin dawo daga aiki a gajiye, shi ya sa ban tashe ki ba. Kwamfutar da na haɗa wa Inna a ƙarƙashin talabijin ta mutu jiya. Da na taɓa ta, zafi kamar murfin tukunya, ga ƙauri.

Kin san Inna ba ta barin kaya a buɗe. Ta shimfiɗa mata ƙyallen nan da take rufe rediyo, har ta ɗora filas a kai. Ni kuwa akwatin da na zaɓa wa kwamfutar, don na ga siriri ne zai shiga kantar talabijin, hujin shan iskarsa duk a sama yake. Ƙyallen ya toshe shi.

Na ciro faifan ajiyar, yana aljihuna. Bidiyon Baffa, Allah ya ji ƙansa, wanda yake kiran shanunsa da sunayensu a Kiyawa, a cikinsa kaɗai ya rage. Mai gyara ya jona shi bai tashi ba. Ya ce in gwada Kano, amma kada in sa rai.

Idan an dace, zan sayo akwati mai huji a gefe, ko da ƙato ne mummuna, don rufe kaya dai Inna ba za ta daina ba.

Kada ki gaya mata ƙyallenta ne. Bayan la'asar za ta zauna ta ce a kunna mata bidiyon Baffa. Ki ce an ɗauke wuta. Ki kashe fankar falo tun kafin ta fito.

Yayanki,
Muntaka